Mazaunin Gangar Birki

Rana ta faɗa bayan rufin maƙwabta, ɗan hasken da ya rage a tsakar gidan ya yi ja kamar tsatsa. Makanikin yana kwance ƙarƙashin tsohuwar motar da mahaifinsa ya bar masa, ƙafafunsa kaɗai ake gani. 'Yarsa kuwa tana kujerar direba, ta zamo gaba sosai don ƙafarta ta kai feda. Barewa ake ce mata, domin tun da ta koyi tafiya ba wanda ya ƙara ganinta tana yin ta a hankali. Ko ruwa aka aike ta ɗebowa a kicin, da gudu take zuwa, rabinsa ya zube a hanya.

"Taka," in ji uban daga ƙasa.

"Na taka."

"Riƙe nan. Kar ki saki sai na ce."

"Baba, wannan sabon birkin naka ai dutse ne. Na da, ko babban yatsa ka ɗora masa yake kamawa."

"Na da na malalata ne irinki. Saki."

Fitar da iska suke yi daga bututun man birki, aikin da mutum ɗaya ba ya iya yi: sai wani ya taka a sama, wani ya kwance noti a ƙasa. Shi ne aiki na ƙarshe da ya rage wa motar. Makanikin ya daɗe yana fama da ita da yamma in ya taso daga gareji. Ya sa mata inji wanda ya fi nata na asali girma, sai injin ya cinye wurin da gangar birki take, wato baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke manne a bayan feda, wadda inji ke zuƙe iskar cikinta don ta taya ƙafar direba turawa. Da ya ga ba wuri, sai ya cire ta. Ya auna, ya yanka ƙarfe mai kauri, ya yi walda, ya ƙera akwatin feda nasa na kansa, da dogon hannu yadda ƙarfin ƙafa kaɗai zai isa ya tsayar da mota. Ba ƙaramin alfahari yake yi da shi ba. Duk abokin da ya shigo gidan sai an durƙusar da shi ya leƙa.

Gangar kuwa, makaniki ba ya zubar da ƙarfe. Ya raba ta biyu. Rabi ya mayar da shi kwanon wanke notuna da fetur, ɗaya rabin matarsa ta ɗauka tana zuba wa kaji ruwa.

Matar ta leƙo daga ƙofar kicin, tana goge hannu da gefen zane.

"Baban Barewa, an kusa kiran salla fa. Ka sakar mini yarinya ta shigo. Wannan ba lokacin zama a waje ba ne."

"Taya ɗaya ta rage. Taka, Barewa."

Ta taka. Ya kwance notin, man ya tsarto, ya ɗaure.

"Saki."

Ba ta saki ba.

"Na ce saki, ko barci kike?"

"Baba," muryarta ta yi ƙasa, "ta ƙi."

Ya ɗauka fedar ce ta maƙale, har ya fara tsaki yana tunanin inda ya yi kuskure. Ya jawo jikinsa ya fito, ya leƙa ta ƙofar direba. Fedar lafiyarta ƙalau. Ƙafar yarinyar ce ta miƙe samɓal tun daga ƙugu, yatsun sun lanƙwashe, ta danne ƙarfen har ƙasa. Ya kama idon sawun da hannu biyu ya ja. Mutum ne da ke ɗaga giyar mota shi kaɗai, amma ƙafar 'yarsa ko motsi ba ta yi ba. Kajin da ke ta kai da komo a tsakar gida duk suka tsaya cak. A cikin wannan shirun ne suka ji wani sauti yana fita daga bakin Barewa, siriri, doguwar shesshekar iska ta tsakanin haƙora, irin wadda tsohuwar motar ke yi a da duk sa'ad da aka taka mata birki.

Sai da ya kwance kujerar ya ja ta baya, sannan ya samu ya ciro yarinyar ya ɗauke ta zuwa ɗaki.

An kai ta asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jini, aka bubbuga gwiwa da ƙaramar guduma. Likitan ya ce bai ga komai ba, ya ba da magani, ya ce a dawo. Suka dawo gida da ita a goye, yarinyar da a da ba a iya kamo ta.

Da rana tana nan kamar kowa, tana hira, har tana tsokanar uban cewa birkinsa ya kama ta ita ma. Ƙafar dama dai tana miƙe kamar itace, sanyi ƙarara. Amma da rana ta soma sauka sai hirar ta ɗauke. Ƙafar ta nemi abin da za ta danna, ƙarfen gado ne ko bango, ta tokare shi har gadon ya yi ƙara. Da ta danna kuwa, komai na gidan sai ya tsaya. Fankar ɗaki ta tsaya alhali ba a ɗauke wuta ba. Ruwan famfo ya ɗauke ana cikin tara bokiti. Uwar ta taɓa ɗauko tire daga kicin, ta kai tsakiyar tsakar gida, ta ji ƙafafunta sun kafe, tana ganin ƙofar ɗakin 'yarta ga ta nan amma ta kasa ƙarasawa, har abin ya sake ta don kansa.

Daga nan aka fara jifa. Abu ya faɗo kan rufin kwano, ƙwal, ya gangaro a hankali ya faɗi ƙasa. Wani ya biyo baya. Makanikin ya fita da tocila yana zaton 'ya'yan maƙwabta ne, ya duƙa ya tsinci abin. Ba dutse ba ne. Noti ne, yana warin fetur, daga cikin nasa da ya bari a kwanon wanki, a ɗakin kayan aiki da ya kulle da hannunsa.

Abin da ya fi tayar masa da hankali bai da ƙara ko kaɗan. Kullum da safe in ya fito, sai ya tarar da rabi biyun gangar nan a tsakiyar tsakar gida, an kife ɗaya kan ɗaya, baki da baki, kamar yadda suke kafin ya raba su. Ya mayar da kowanne wurinsa bai gaya wa kowa ba. Gari ya waye, ya sake samunsu a haɗe.

Matarsa ce ta rutsa shi wata safiya yana raba su.

"Tun yaushe?"

Ya ci gaba da raba su.

"Baban Barewa, ƙafar yarinyar nan ta fara ƙanƙancewa. Jiya na auna ta da 'yar'uwarta da hannuna. Kai ka iya ƙarfe, ba wanda ya musa maka. Wannan ba ƙarfe ba ne. Ka je ka kira Malam."

Malam tsoho ne mai ƙaramin jiki, wanda ya ƙarar da rayuwarsa cikin littattafai har idonsa ya yi rauni. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi shiga ɗaki, ya ce a fito da yarinyar a shimfiɗa mata tabarma kusa da motar. Ya zauna gefenta, ya tambaye ta karatunta, ya ba ta dariya. Sannan ya jira. Da inuwar katanga ta rufe tsakar gidan, ƙafar ta miƙa ta sami tayar motar ta danne. Malam ya ɗora hannu a goshinta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, a tsanake, kamar mai lallashin jariri.

An jima ana haka. Can sai shesshekar ta tsaya, bakin Barewa ya buɗe, wata murya ta fito wadda ba tata ba, tsohuwa, busasshiya, kamar mai magana ta cikin bututu.

"Ya isa, dattijo. Ina jinka. Ba kurma ba ne ni."

Uwar ta toshe bakinta da mayafi.

"Wane ne kai, bawan Allah," in ji Malam, "kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta za ka tambaya. Ka tambaye shi abin da ya gani ran da ya fasa mini gida."

Malam ya juyo ya dubi makanikin. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce:

"Akwai wata faffadar roba a cikin gangar, Malam. Ita ke yin aikin duka. In ta tsage ko kaɗan, birki ya yi tauri nan take. Da na buɗe... babu ita. Ta zama gari. Sifirin ɗin ma tsatsa ta cinye shi. Abin da na gani ya yi shekaru da mutuwa."

"Birkin kuma?"

"Har ranar da na cire ta, laushinsa kamar auduga."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ya gani, ya ɗaga kafaɗa, ya zuba fetur a ɗakin kwanana. Tun ubansa yana da baƙin gashi nake ciki. Ni ba na son hayaniya, ba na son iska tana kaɗa ni. Na sami wuri mai duhu wanda inji ke share mini shi kullum, ko ƙura babu. Da robar ta mutu, in tsohon ya taka, sandar feda ta zo ta tokare ni. Sai na riƙa tura masa don a gama da wuri in koma barci. Har na saba. In na ji ƙafa, na tashi. Kai makaniki, ran da ka ɗauko matarka tana naƙudar wannan yarinyar, babbar mota ta fito maka a gangare ana ruwa, ka ɗauka ƙafarka ce ta tsayar da ku?"

Makanikin ya dubi matarsa. Ba wanda suka taɓa ba wa wannan labarin.

"Rannan da yamma ina rakuɓe ƙarƙashin motar ba ni da wurin shiga," muryar ta ci gaba, "sai na ji ƙafa ta taka. Na taso kamar kullum. Ban sami gida ba, na sami ƙafa. Tana da ɗumi. Zan riƙe ta."

"Ba za ka riƙe ta ba," in ji Malam, muryarsa ba ta canza ba. "An zalunce ka, na ji. Amma wadda ka kama ba ita ta zalunce ka ba, kuma ka san Wanda zai tambaye ka. Faɗi abin da zai raba mu lafiya."

"A mayar mini da gidana inda yake. A cikin motar."

"Zan mayar!" Makanikin ya yunƙuro. "Wallahi yau zan sauke injin, in yanke akwatin fedar in zubar. Malam, ka ce masa na yarda."

Malam ya ɗaga masa hannu.

"Zauna. Ka san abin da kake shirin bayarwa? Kullum ka ɗauki iyalinka a motar nan, ransu yana hannun wanda ya riga ya yi fushi da kai sau ɗaya. Da ba ka sani ba, Allah ya kiyaye ku. Yanzu ka sani." Ya juya ga yarinyar. "Kai kuma bawan Allah, motar kam ka bar ta. Za a gyara maka gidanka, a share maka shi kamar da, a kai ka inda ba ƙafar da za ta ƙara tashinka. Ba barci ka ce kana so ba?"

Noti ɗaya ya faɗo kan rufi, ya gangaro, ya tsaya bai faɗo ƙasa ba.

"Ko hujin allura ban yarda da shi ba," in ji muryar daga bisani. "Kuma ku ji da kyau. Ta ƙafa na shiga, amma ƙafa ba ta da ƙofar fita. Ta baki zan fita, a kan numfashinta. Inji ya zuƙe gidan, ni in bi. In makanikin ya toshe tiyon da wuri, rabina yana jikinta har abada. In ya makara, numfashinta duka ya biyo ni. Shi ya fasa, shi zai rufe."

Makanikin ya wanke rabi biyun da sabulu, ya goge su har warin fetur ya fita. Ya haɗa su, ya yanko ƙananan faranti ya toshe ramukan da sanda ke bi, ya bar ƙaramar kafa ɗaya wadda tiyo zai shiga. Sannan ya jawo injin walda. Ƙarfen siriri ne, ya tsufa, in wuta ta yi yawa sai ya huje. Shuɗin hasken walda yana haska katanga yana ɗaukewa, Malam yana karatu, duhu yana ƙara sauka.

Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce ya gama.

"Ba ka gama ba," in ji bakin 'yarsa, idanunta a rufe. "Ta hagu, kusa da kunnen noti. Ina jin sanyi yana shiga."

Ya juya gangar ya haska. Ga shi kuwa, ɗan huji kamar ƙwayar yashi. Ya cike shi. Aka sake nuna masa wani a ƙasa, ya cike. Muryar ba ta ƙara nuna wani ba.

Ya ajiye gangar gefen tabarma, ya jawo dogon tiyo daga inda inji ke shaƙar iska ya cusa a kafar. Ya ɗauki filaya ya riƙe. Daga inda zai tsaya, jikin motar ya kare masa yarinyar, ba zai ga fuskarta ba.

"Ta yaya za ka san lokacin?" matarsa ta tambaya, ta rungume kan Barewa a cinyarta.

"Muddin akwai abin da yake zuƙa, injin zai riƙa sama da ƙasa. In ya daidaita, an gama." Ya dube ta. "Maman Barewa, ko me kika gani, kar ki taɓa tiyon nan."

Ya yi bisimilla ya tayar da motar.

Injin ya kama, ya yi sama, ya yi ƙasa kamar zai mutu, ya sake yin sama. Barewa ta buɗe baki ta fara fitar da numfashi. Ba ta ja wani ba. Fita kawai yake yi, siriri, ba yankewa, fiye da abin da ƙirjin yarinya zai iya ɗauka. Cikinta ya lotsa. Leɓunanta suka fara sauya launi.

"Ya isa!" uwar ta yi ƙara. "Baban Barewa, ya isa, ka toshe!"

Ya sa bakin filayar a kan tiyon bai matse ba. Injin yana nan yana tangaɗi.

"Ba ta numfashi! Ka kashe mini 'ya a kan mota, ka toshe na ce!"

Hawaye suna zuba a fuskarsa, ya rufe ido don kada ƙafafunsa su kai shi wurinta. Ya bar kunnensa kaɗai a buɗe. Ya ji muryar Malam ta ɗaga, ya ji kukan matarsa, ya tura su gefe, ya saurari injin kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, da dukan jikinsa. Sama. Ƙasa. Sama kaɗan. Sai ƙarar ta kwanta, ta miƙe sumul kamar zare.

Ya matse.

Ya naɗe bakin tiyon ya ɗaure da waya, ya kashe motar. Tsakar gidan ta yi tsit, babu ko kukan tsuntsu. Sai can ya ji wani dogon jan numfashi mai haɗe da tari, sannan ƙaramar murya, tata ta gaske:

"Umma, kin matse mini wuya."

Ya zagayo da rarrafe. Ƙafar dama ta saki tayar, gwiwar ta lanƙwashe, yatsun suna motsi ɗaya bayan ɗaya. Ya kama tafin ƙafar da baƙin hannunsa, ya ji ɗumi yana dawowa, ya kifa goshinsa a kai ya yi ta kuka, yarinyar tana cewa, "Baba, cakulkuli kake mini."

Da gari ya waye shi da Malam suka ɗauki gangar. Abin da a da yake ɗagawa da yatsa biyu, sai da suka kama shi su biyu suna nishi. Suka kai ta can ƙarshen filin da ake zubar da matattun motoci, inda ciyawa ta fi mutum tsawo, suka sami wata da ba inji ba taya, ba feda ko ɗaya. Ya ɗaure gangar a cikinta da notuna sababbi, ya rufe murfin gaban motar a hankali. Malam ya yi addu'a, suka juyo ba su waiwaya ba.

Barewa ta warke. Ta fara da dafa bango, ta koma ɗingishi, kafin wani lokaci uwar ta dawo yi mata faɗan zubar da ruwa a hanya. Motar ma ta hau titi da birkinta mai tauri, kuma tana tsayawa daidai, in dai mutum ya taka da gaske.

Abu ɗaya ne ya rage. Wata rana uban ya ɗauko ta daga makaranta, tana gefensa tana ba shi labari tana dariya, hanya fetal ba kowa. Sai ya ga ƙafarta ta dama ta miƙe ta danna ƙasan motar, ita ba ta ma sani ba, labarinta take yi. Bai tsaya tunani ba, ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Motar ta tsaya. Wani mai keke ya fito daga lungu a guje, ya wuce ta gaban hancin motar har rigarsa ta shafi fitila.

Bai gaya wa matarsa ba, bai koma wurin Malam ya tambaya ko ya toshe da wuri ne ba. Yarinyar tana gudu, tana ci, tana barci lafiya. Amma tun daga ranar, in tana cikin motar, ido ɗaya yake ba hanya. Ɗayan yana kan ƙafarta.